Miyar dihe da uwar mijina

Shekarun baya, lokacin da aka kai ni Faskari ina amarya, na iske wata 'yar kwalla a ƙarƙashin gadon uwar mijina wadda babu mai taɓa ta sai ita. Ni 'yar Kankara ce, can aka haife ni, can na yi makaranta, kuma kafin aure ban taɓa kwana ukku a jere a wani gari ba. Maigidana malamin firamare ne. Shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yan da uwarshi ta haifa, mahaifinshi kuma ya rasu tun yana ƙaramar sakandare. Don haka mu ukku ne a gidan: ni, shi, da tsohuwar da nake kira Inna.

Inna ba Bahaushiya ba ce. Daga ƙasar Chadi mahaifin maigidana ya auro ta, can wajen Kanem, zamanin da yake fataucin shanu. Ta zo da ƙuruciyarta, ba ta jin ko zo in kashe ki da Hausa. Lokacin da na san ta ta haura shekara arba'in a Faskari, kuma sau ɗaya tak ta koma gida, da mahaifiyarta ta rasu. Hausa ta zauna a bakinta, sai dai in tana sauri ko ranta ya ɓaci takan ce wa namiji "ta", ta ce wa mace "ya". Doguwa ce, baƙa, siririya, ba ta da yawan magana. Maƙwabta suna ce mata Babarbariya. An ce da farko takan gyara masu ta ce su Kanembu ne, daga baya ta gaji ta ƙyale.

Abin da ke cikin kwallar ban gan shi ba sai da na yi kusan wata biyu a gidan. Wata rana da hantsi ta jawo ta, ta kwance wani tsohon ƙyalle, sai ga wasu fale-falen abubuwa kore shar har suna neman komawa baƙi, kamar ɓawon laka da ya bushe ya tsattsage a bakin tafki. Ta ɓalli kaɗan ta marmasa, ta jiƙa a ruwa, ta tace da rariya sau biyu. Ta soya albasa da man gyaɗa, ta sa barkono da busasshiyar kuɓewa, ta juye koren ruwan a ciki. Kafin ka ce me, tsakar gida ya ɗauki wani wari mai kama da na busasshen kifi da aka haɗa da ɗanyen ganye.

Na ce, "Inna, wannan fa mi ne ne?"

Ta ce, "Dihe."

"A ina yake tsirowa?"

"Ba ya tsirowa. Bisa ruwa yake tasowa, mu kwashe, mu shanya."

A raina na ce, to ai gansakuka ke nan. Gansakukar nan dai da muke gani ta rufe kududdufi da damina. Ta yi mani tayi, na ce na ƙoshi, alhali ko karyawa ban yi ba. Maigidana ma ba ya ci. Ya gaya mani tun yana yaro abokanshi suka riƙa tsokanarshi da ɗan mai miyar gansakuka, daga nan ya rantse ba zai ƙara cin ta ba. Don haka ita kaɗai take cin abinta, kamar sau ɗaya a wata, da tuwon gero, a bakin ƙofar ɗakinta. A hankali take ci, ba ta magana da kowa sai ta ida.

Da na je ganin gida na ba mahaifiyata labari ina dariya har da riƙe ciki. Ba ta taya ni ba. Ta ce, "Ke da kike cin fara har da ƙafafunta, kike wa wani dariyar abincin garinsu? Kama bakinki."

Yadda dihen ke isowa Faskari shi ma abin labari ne. Inna tana da ƙane guda da ya rage mata a can. Akwai wani dattijo mai fataucin shanu, abokin marigayi mijinta, da ke zuwa kasuwar Sheme shekara-shekara, wani lokaci sai bayan shekara biyu. Shi yake zuwa da ƙullin dihe daga ƙanen nata, tare da saƙon baki: wane ya rasu, wance ta haihu, bana ruwa ya yi ko bai yi ba. Ranar da ya zo, Inna takan shimfiɗa mashi tabarma a zaure, ta zauna daga ciki bayan ƙofa, su yi ta magana da yarensu har la'asar. Wannan ita ce wasiƙarta, ita ce wayarta.

Cikina na fari ya zo da laulayi mai tsanani. Duk abin da na sa a baki sai ya dawo, har ruwa. Na rame, na ɗashe, in na miƙe tsaye sai in ga gari yana juyawa. A wajen awo suka ce jinina ya yi ƙasa, suka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, suka ce in riƙa cin hanta da ganye da wake. To ina bakin cin? Ko ƙamshin girkin maƙwabta na ji sai amai.

Wata rana ina kwance bisa tabarma a inuwar ɗaki, Inna ta zo ta tsuguna. Ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta buɗe tafin hannuna ta duba. Sai ta tashi. Can sai na ji warin nan ya taso. Na ce yau kam na shiga ukku. Ta zo ta aje kwano a gabana, da 'yar malmala guda.

"Tashi ki ci, ɗiyata."

"Inna, ba zai zauna ba."

"In ya fito ya fito. Ci."

Kunya ce ta sa na ci, ba wani abu ba. Ina kai loma ina riƙe numfashi, ina jiran abin da zai biyo baya. Na yi loma biyar na koma na kwanta. Azahar ta yi, la'asar ta yi, shiru. Abinci na farko ke nan da ya zauna a cikina cikin mako ukku.

Abin kunyar da zan gaya maku shi ne, kafin wata ya zagayo na koma ba ni da abin marmari sai miyar nan. Ni da na je har Kankara ina mata dariya, ni ce na koma ina kewaya ƙofar ɗakin Inna ina 'yan share-share na ƙarya, ko za ta tuna da ni. Har kwanon nake suɗewa. Maigidana in ya dawo daga makaranta ya iske bakina kore sai ya ce, "An shiga dangi ke nan." Inna kuwa ta ce a garinsu mai ciki ba ta rabuwa da dihe, wai duhun launinshi yana ɓoye abin da ke ciki daga mugun ido. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Allah ne mai tsarewa. Amma dai ci."

Da na koma awo malamar asibiti ta ce jinin ya fara hawa, duk abin da nake yi in ci gaba. Ba zan ce dihe ne kaɗai ya yi aikin ba, don ƙwayoyin ma ban fasa sha ba, kuma da bakina ya buɗe na koma cin komai. Amma na san shi ya buɗe bakin. Na haifi ɗiyata lafiya. Lokacin jego ma Inna ba ta daina yi mani ba, ta ce yana kawo nono.

Abin da ban lura da shi ba, don hankalina yana kan cikina da jaririyata, shi ne tun ranar da ta fara ba ni, ita ba ta sake zama a bakin ƙofa da nata kwanon ba. Sai ranar da ta aike ni in ɗauko kwallar da kaina. Na kwance ƙyallen, na iske 'yan ɓurɓushi da ba su cika tafin hannu ba.

Na ce, "Inna, ya ƙare."

Ta ce, "Za a kawo wani."

Ba a kawo ba. Shekarar nan dattijon bai zo ba, ta gaba ma haka. Rikicin da ya tashi a yankin tafkin Chadi ya toshe hanyoyin da fatake ke bi. Daga baya maigidana ya ji a bakin 'yan kasuwa cewa dattijon ya rasu. Da ya gaya mata, ta yi mashi addu'a, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira magariba. Daga ranar ba ta sake ambaton dihe ba. Ni ma rayuwa ta ɗauke mani hankali, na ƙara haihuwa biyu, na fara 'yar sana'ar ɗinki. Shekara shida ko bakwai suka wuce kamar jiya.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita a farkon damina. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Loma biyu ta ture kwano. Na yi fate, na yi ɗanwake, na yi farfesun kaza, na dama kunun tsamiya, duk a banza. Muka kai ta asibiti a Funtua, likita ya ce tsufa ne da ƙarancin jini, ya rubuta magani, ya ce babban maganin dai ta ci abinci. Muka dawo. Kullum in na zo sa mata riga sai in ga kamar rigar ta ƙara girma.

Wata ranar Juma'a ina mata tsifa a tsakar gida, kanta yana jingine da gwiwata, sai ta yi magana can ƙasa-ƙasa kamar da kanta take.

"Da zan samu dihe ko kamar ƙumbar nan, da na ci tuwo."

Na tsaya da tsinke a hannu. Tun da nake da matar nan ba ta taɓa roƙon komai ba, ko goro. Kuma na san cikin wa dihenta na ƙarshe ya tafi. Na ce, "In sha Allahu zan nemo maki, Inna." Ta ce, "A ina?"

Na fara da kasuwar Kankara. Ranar kasuwa na shirya kamar za ni ganin gida, na bi rumfunan masu kanwa, na bi masu kayan miya, na bi masu maganin gargajiya, har Buzaye masu sayar da cuku na tambaya. Babu wanda ya taɓa jin sunan. Wani ya miƙo mani curin shuni, wani ya rantse garin zogale nake nufi. Maigidana ya bi fataken shanu a Sheme, su ma suka ce yanzu ba mai zuwa daga can.

To nan ne na tafka wautar da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Ƙarshen damina aka yi suna a dangin mahaifiyata a Yargoje, ni da mahaifiyar tawa muka je. Bayan gari akwai wani kududdufi da ya rufe ruf da gansakuka, kore shar. Ina ganin shi zuciyata ta ce, ai Inna cewa ta yi bisa ruwa yake tasowa, a kwashe, a shanya. Mi ya rage? Ana can ana rabon tuwon suna, ni ina bakin kududdufi da aron ƙwarya, na tattare zane har gwiwa, ina yaɗe gansakuka ina tacewa a tsohon ɗankwali. Mahaifiyata da ta ga ƙullin yana ɗiga a mota ta tambaye ni, na ce magani ne. Na kwana ukku a Kankara ina shanya shi bisa faifai, ina kore kaji, har ya bushe ya yi fale-fale. Wallahi da ido ya so ya yi kama.

Na iso Faskari ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga Makka da tsaraba. Na durƙusa na buɗe a gabanta. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta kai hanci.

"Ina kika samo wannan?"

Na gaya mata. Ta dube ni, ta dubi abin, sai ta fara dariya. Dariya har da tari, har sai da na ɗebo mata ruwa. Rabon da in ji dariyarta an yi watanni.

Ta ce, "Ɗiyata, so kike ki kai ni kafin lokacina? Namu a ruwan kanwa yake fitowa, ruwan da ko jaki ba ya sha, ba kifi ba kwaɗo. Wannan kuwa na inda shanu ke fitsari ne. Je ki haƙa rami ki binne, kada awaki su ci."

Na tashi zan fita, sai ta kamo bakin zanena. Ta ce, "Har cikin ruwa kika shiga?" Na ce e. Sai ta ce, "Allah ya yi maki albarka." Na je bayan ɗaki na binne abina, ina binnewa ina hawaye, ban san na kunya ba ne ko na mi.

Bayan kwana biyu wata ƙawata ta kira ni. Tare muka yi sakandare, ita ta wuce makarantar koyon aikin jinya, lokacin tana aiki a Sabuwa. Na ba ta labarin don mu yi dariya, amma ita ba ta ga abin dariya ba. Ta ce in gode wa Allah da tsohuwar ta san abinta, don cikin gansakukar kududdufi akwai mai dafin da ke lalata hanta, kuma da ido ba a bambance ta. Ta yi mani faɗa sosai. Da ta huce sai ta ce, "Tsaya, sake kwatanta mani na Innar." Na kwatanta: ruwan kanwa, Chadi, mata ke kwashewa.

Ta ce, "Ina jin na san abin nan. Sifirulina ake ce mashi."

Ashe an taɓa yi masu bita kan ciyar da yara masu tamowa, aka yi maganar shi, har aka ambaci matan Chadi da suka gaji cin shi kaka da kakanni. Ta ce wani ƙanƙanin tsiron ruwa ne, launinshi tsakanin shuɗi da kore, yanzu ana noma shi a tsaftatattun tafkuna, a busar, a sayar da garinshi ko ƙwayoyinshi a manyan kantunan magani. Yana da sinadarin gina jiki mai yawa irin wanda ake samu a nama da wake, yana kuma da sinadarin da ke taimaka wa jini. Amma ta ja mani kunne. Ta ce ba magani ba ne, ƙarin abinci ne, ɗan cokali ya isa, kuma kada in ba tsohuwar da ke shan magani sai an tambayi likitanta. Ta ce za ta sa a kawo mata daga Kaduna, wanda ke rufe da hatiminshi da lambar hukuma.

Maigidana ya koma Funtua ya tambayi likitan, ya ce kaɗan a cikin abinci ba laifi, amma kada a bar maganin. Ranar da ƙawata ta ce saƙo ya iso, ta ce in jira ƙarshen wata za ta shigo da shi. Na ce ba zan iya jira ba. Lokacin hanyoyinmu sun fara zama abin tsoro, ba mai son la'asar ta yi mashi a daji. Na fita da sassafe, na bi ta Funtua da Dandume, mota tana faɗawa rami tana fitowa, kowa a ciki bakinshi da addu'a. Na amshi 'yar robar a ƙofar asibiti, ko zama ban yi ba, na juyo.

Da na buɗe murfin ni kaina na yi shakka. Gari ne lukui kamar hoda, ba fale-falen da na sani ba. Na miƙa mata a ɗarare, don na riga na sha kunya sau ɗaya. Ta kai hanci. Sai ta rufe ido. Ta daɗe a haka, har na fara tsorata.

Ta ce, "Akwai gero a gidan nan?"

Ba ta yarda na yi girkin ni kaɗai ba. Ta sa na shimfiɗa mata tabarma a bakin madafa, na jingina ta da bango, tana ba da umarni. Albasar ba ta soyu ba. Rage wuta. Kuɓewar ta yi yawa. Kada ki sa daddawa, wannan ba miyar Hausawa ba ce. Na tuƙa tuwon, na kwashe, na aje mata. Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta kai loma. Ta tauna a hankali. Ni da maigidana muna tsaye kamar masu jiran hukunci.

Ta ce, "Shi ne."

Ta ƙara loma. Sannan ta ce, "Amma wannan ɗan birni ne. An wanke shi da yawa. Babu yashi."

Na ce, "Yashi kuma, Inna?"

Nan ta buɗe bakin da ban taɓa jin ta buɗe ba. Ta ce a garinsu in iska ta koro dihe gefen tafki, mata ke fita da ƙore da kwanduna, su jeru a bakin ruwa, ba mai shiga sai babbar cikinsu ta ba da izini. Namiji ba ya sa ƙafa a ruwan, an ce in ya shiga tafkin zai daina bayarwa. In sun kwaso sai kowace ta hau tudun yashi ta yi ɗan rami mai faɗi kamar faranti, ta juye a ciki. Yashin ya shanye ruwan, rana ta busar da sauran, a yayyanka shi gida-gida. Shi ya sa komai tacewarka sai ka ji ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori. Ta ce mahaifiyarta ta fi kowa iya yin ramin, nata ba ya tsagewa. Ta ce kanwar ruwan tana cin ƙafa, in sun dawo sai a shafa masu man shanu, ita da ƙanenta suna kuka suna dariya, shi kukan taya ta yake don ba ya shiga ruwan.

Tana cikin ba da labarin, ban san inda Hausa ta ƙare ba, sai na ji ta koma yarensu. Ta yi ta magana, tana nuni da hannu, tana kiran sunaye. Na dubi maigidana ko zai fassara mani, sai na ga shi ma kallon ta kawai yake. Ban da gaisuwa da "zo" da "tafi", ba abin da yake ji a yaren uwarshi. Ya tsuguna a hankali, ya wanke hannu a ruwan da ta wanke nata, ya sa hannu a kwanon. Ta tura kwanon ɓangarenshi kaɗan. Ranar ta cinye malmala guda, ban da abin da ya ci.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da rabi a duniya. Sau biyu a mako nake mata miyar, ran da ba miya in barbaɗa mata kaɗan a kunu. Cin abincinta ya dawo, ta ɗan murmure, har tana takawa da sanda zuwa barka a maƙwabta. Ta koya wa babbar ɗiyata ƙirga ɗaya zuwa goma da yarensu. Ni kuma na koma mai tambaya, in ina ɗinki ta zauna kusa da keken tana ba ni labarin garinsu, ana jin rabi ƙarar keke na cinye rabi. Maigidana ya yi mata alkawarin in hanya ta yi kyau zai kai ta ta ga gida. Ta ce, "To." Hanyar can ba ta gyaru ba, tamu ma ta ƙara lalacewa. Ta rasu wata ranar Talata bayan la'asar, lokacin bazara, ba ta yi doguwar jinya ba.

Bayan addu'ar bakwai, da aka zo fitar da kayanta, muka buɗe adakarta. Can ƙasa, cikin aljihun wata tsohuwar riga, muka iske takarda an ninke ta ƙanana. Lambar waya ce ta ƙasar waje, da biro. Maigidana ya daɗe yana dubawa kafin ya tuna. Ya ce zuwan dattijon na ƙarshe ya ce ɗan ƙanen Inna ya sayi waya, har ya rubuta lambar ya ba ta. Shekara da shekaru takardar tana nan, mu biyu muna da waya a gidan, ba ta taɓa cewa a kira mata ba. Ko lokacin da nake yawon kasuwanni ba ta fito da ita ba.

Na yi ta juya abin a raina. Ba mantuwa ba ce, Inna ba ta mantuwa. Abin da na fi zato shi ne tsoro take kada a ɗauka a ce mata ƙanen nata ya rasu. Muddin ba a kira ba, yana nan da ranshi. Allah kaɗai ya san gaskiya.

Muka kira don mu sanar da su rasuwar. Ba ta shiga ba. Wata muryar mace ce ta na'ura ta yi magana da Faransanci ta katse. Muka yi ta gwadawa har aka yi arba'in. Haka Inna ta tafi ba wanda ya zo ta'aziyya daga danginta, kuma wataƙila har yau akwai wanda ke can yana zaton tana Faskari.

Yanzu ina ganin ana tallan sifirulina a waya, ana cewa yana maganin kaza da kaza, har da cututtukan da likitoci suka gaza. Sai in yi murmushi. Ni dai abin da na sani, abinci ne mai amfani wanda matan karkara suka rayu da shi, ya taimake ni, ya taimaki tsohuwata, amma bai hana mu zuwa asibiti ba, bai kuma hana ajali ba. Wanda zai saya ya sayi mai tsafta, ya tambayi likita, kuma don Allah kada kowa ya je kududdufi da ƙwarya. An riga an yi wannan a madadinku.

Abin da ya fi zauna mani a rai ba shi ba ne. Na yi shekaru da matar nan a gida ɗaya, ina gaishe ta safe da yamma, ina wanke mata kaya, ina ganin na cika suruka ta gari. Amma ban taɓa zama na ce mata, Inna, ya garinku yake, wa kika baro, ba sai da ya rage mata shekara ɗaya da rabi. Akwai irinta da yawa a gidajenmu, waɗanda aure ya ɗauko daga nesa, suka haihu, suka tsufa, muka ɗauka nan ne gidansu don ba su taɓa cewa ba nan ba ne.

Lambar tana cikin wayata. Na canza waya sau ukku, ina kwashe ta tare da sauran. Duk ranar Sallah in na gama kiran dangi sai in kira ta ita ma. Matar nan ta Faransanci ce ke amsawa, ban san abin da take cewa ba. Nakan bari ta ida maganarta, sannan in kashe.